Sai An Gwada A Kan San Na Ƙwarai

Jawabin da aka yi wa 'yan'uwa a taron ƙara ilmi na mako, a kan yadda a ke gwada na'urorin da ke ba jiragen sama hanya.

 Maganarmu ta yau a kan jirgin sama ce. Watakila wani ya ce, ina ruwan mai awon gero da jirgin sama? To, ko ba mu taɓa hawa ba, da wuya a sami ɗayanmu da ba shi da ɗa, ko ƙane, ko maƙwabci da ya hau, wasu kayan da ke rumfunanmu ma ta sama suka zo. Daɗin daɗawa, dabarar da za mu yi bayani daga wurin manomi da makiyayi aka aro ta, saboda haka ku za ku riga mu ma'aikatan ofis gane ta.

Hanya A Sama

Mutum ya ɗaga kai ya ga sarari fetal, sai ya zaci jirage biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Haka masu mulkin Amurka suka ɗauka har ran 30 ga Yuni, 1956, da jiragen fasinja biyu suka yi karo a bisa kwazazzabon Grand Canyon, mutum 128 suka mutu, ba wanda ya tsira. Wannan ya sa a 1958 suka kafa hukumar kula da sararin sama, wadda yanzu a ke kira FAA.

Ka'idar da a ke bi a yau ita ce, in jirage biyu suna tafiya can sama a ƙarƙashin idon rada, watau na'urar da ke hango jirgi daga nesa, lalle a sami ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, in kuwa tsayinsu ɗaya, a sami mil 5 na teku a tsakaninsu, kamar kilomita 9 ke nan. Kuna jin kilomita 9 kamar da nisa. Amma babban jirgi ya kan ci kilomita 850 ko fiye a awa guda, in biyu suka fuskanci juna, cikin kamar sakan 20 sun cinye wannan tazara. Kafin mai shayi ya juye kofi ɗaya an gama.

Akwai ma'aikata a ƙasa da ke zaune gaban allo dare da rana suna ba matuƙa hanya, suna ce wa wannan hau, wancan sauka. Da jirage suka yi yawa, idon mutum ya kasa, sai aka haɗa su da kwamfuta. Kwamfuta kuwa ba ta da wayon kanta, umarnin da mutane suka rubuta mata ta ke bi, shi ne a ke kira manhaja. Wata manhajar a ƙasa ta ke. Misali, a Amurka an yi wata mai suna URET, wadda ta kan duba hanyar kowane jirgi har minti 20 gaba, ta gaya wa ma'aikaci cewa waɗannan biyu za su matsi juna. Wata kuma a cikin jirgin kansa ta ke, sunanta TCAS. Ita ce katangar ƙarshe. In saura kamar sakan 35 ko ƙasa da haka a yi karo, na'urorin jiragen biyu su kan yi shawara a tsakaninsu, a ce wa matuƙi ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka.

Daren Uberlingen

Domin ku ga abin da ke cikin maganar, bari mu ba ku labarin dare ɗaya. Ran 1 ga Yuli, 2002, wani jirgin Rasha ya taso daga Mosko za shi Basalona, yawancin fasinjansa 'yan makaranta ne za su hutu. Wani jirgin kaya na kamfanin DHL kuma ya taso daga Italiya za shi Beljiyam. Dukansu suna ƙafa 36,000, hanyarsu kuwa ta gitta a kudancin Jamus, kusa da garin Uberlingen. Ofishin Zurik na ƙasar Suwizalan ne ke ba da hanya a wurin. A daren nan ma'aikaci ɗaya ne ke riƙe da allo biyu, ana gyaran na'urori, wata fitilar gargaɗi ba ta aiki, wayar ofis ma ta ƙi.

Da ma'aikacin ya farga, saura ƙasa da minti guda, sai ya ce wa jirgin Rasha ya sauka. Nan take na'urar TCAS ta ce wa jirgin Rasha ya hau, ta ce wa na DHL ya sauka. Matuƙan DHL suka bi na'ura suka sauka. Matuƙan Rasha suka bi mutum, su ma suka sauka. Mutum 71 suka mutu.

Abin lura a nan, an gina na'urar yadda za ta iya juya umarninta in ta ga abu ya canja, ta ce wa wanda ta ce ya sauka ya koma ya hau. Amma a irin wannan haɗuwa, jirage biyu suna sauka tare kusan kafaɗa da kafaɗa, sharuɗɗan da aka rubuta mata ba su cika ba, ba ta juya ba. Daga baya aka gyara wannan a sabon tsari mai lamba 7.1, ƙasashen Turai suka tilasta shi ga sababbin jirage daga 2012, ga sauran kuma daga ƙarshen 2015. Gyara ya yi kyau, amma ku dubi kuɗin da aka biya kafin a yi shi. Tambayar masu wannan sana'a ita ce, yaya za a gano irin wannan dare a ɗakin gwaji, tun bai zo a sama ba?

Wahalar Mai Gwaji

Mace in za ta sayi tukunya ta kan ƙwanƙwasa ta, ta saurara, gama tsaga ba ta ɓuya ga kunne. Manhaja ba ta ƙwanƙwasuwa haka. Hanyar gwada ta ita ce a shirya mata ranar ƙarya a cikin kwamfuta, da jirage ɗaruruwa suna tashi suna sauka kamar gaske, a zuba ido a ga ko za ta yi gargaɗi inda ya kamata.

To, ina za a samo wannan rana? Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko abin da rada ta rubuta a wata rana ta gaske a sake kunna shi. Ga inda gizo ke saƙar. Ranar gaske ba ta da fitina a cikinta, domin ma'aikata sun riga sun raba jiragen tun ba su matsi juna ba. In ka gwada na'urar gano haɗari da ranar da ba haɗari, kamar ka gwada mai gadi ne a unguwar da ba ɓarawo. Zai ci jarrabawa yana barci.

Hanya ta biyu, a zaunar da gwani ya ƙago haɗuwa da hannunsa. Wannan yana da amfani, ana kuwa yi. Illarsa ita ce gwani abin da ya taɓa gani ko ya taɓa ji shi zai rubuta, alhali kuwa abin da ba wanda ya yi tsammani shi ke kashe mutane.

Hanya ta uku ita ce ta ma'aikatan cibiyar gwaji ta FAA da ke kusa da Atlantic City. Suka ce, mu ɗauki ranar gaske, kada mu taɓa hanyar kowane jirgi, ko tsayinsa, ko gudunsa, sai dai mu matsar da lokacinsa. Wannan mu sa shi ya taso minti 4 da wuri, wancan mu jinkirta shi minti 7. Da haka jiragen da a ranar gaske suka wuce mararraba ɗaya bayan ɗaya, yanzu sai su iso tare. Kowane jirgi yana nan da halinsa na gaske, amma ranar ta cika da matsi.

Sai dai fa, nawa za a matsar da kowanne? Ku 'yan kasuwa ne, mu yi lissafi. A ce kowane jirgi akwai lokaci iri 60 da za a iya ba shi. Jirgi biyu, hanyoyin jera su 3,600 ne. Jirgi uku, 216,000. Jirgi huɗu, 12,960,000. Jirgi biyar, 777,600,000. Wannan biyar kaɗai ke nan, ofishi guda kuwa ya kan ba ɗaruruwan jirage hanya cikin 'yan awoyi. Ba kwamfutar da za ta gwada su duka ɗaya bayan ɗaya, ko da za a ba ta shekarun duniya. In kuma aka ce a riƙa ɗiba da ka, yawancin abin da za a ɗebo ƙaiƙayi ne.

Dabarar Zaɓen Iri

A nan ne manomi ya shigo. Kun san manomin kirki ba ya ɗibar iri da ka. Da kaka ya kan zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye. Baɗi ya shuka ta, ya sake zaɓa daga abin da ta haifa. Bai san abin da ke cikin ƙwayar ba, bai kuma gwada kowace ƙwaya ta duniya ba, amma shekara bisa shekara geronsa na ƙara kyau. Haka makiyayi ke yi in zai zaɓi bijimin da zai bari a garke.

Wani malami a jami'ar Mishigan ta Amurka, John Holland, shi ne ya tsara yadda kwamfuta za ta yi irin wannan, ya fitar da littafinsa a kai a 1975. Mu kira ta dabarar zaɓen iri. Ga yadda ta ke tafiya a aikin jirage.

Da fari, a kan rubuta kowace ranar gwaji kamar jerin lambobi, lamba ɗaya ga kowane jirgi, watau mintocin da aka matsar da shi gaba ko baya. Wannan jeri shi ne ƙwayar iri. Sa'an nan kwamfuta ta yi ƙuri'a ta fitar da irin waɗannan ranaku, a ce guda ɗari. Su ne shukar fari, yawancinsu kuwa ba su da wani amfani.

Na biyu, a auna kowace rana da mudu guda. Mai gwaji ne ke ƙera mudun, shi ke faɗin irin ranar da ya ke so. Rana ta kan sami maki gwargwadon kusantarta da abin da aka nema.

Na uku, a zaɓi iyaye. Ranar da ta fi maki ta fi samun rabon haihuwa, amma ba a kan zubar da masu rauni duka ba, gama wata mai ƙaramin maki tana ɗauke da wani hali da za a bukata gaba.

Na huɗu, a yi barbara. A ɗauki ranaku biyu, a yanka jerin kowace a wuri guda, a haɗa kan wannan da gindin waccan. In uwa tana da mugunyar haɗuwa da safe, uba yana da tasa da hantsi, mai yiwuwa ɗan ya gaji duka biyu.

Na biyar, jefi-jefi a canja lamba ɗaya da ka, ba dalili. Kun san a garke a kan haifi maraƙi da wata kama wadda ba ta uwa ba ta uba. Ba don wannan ba, da zuriya ta tsaya a kan abin da kakanninta suka zo da shi, ba sabon abu.

Shi ke nan, sai a sake aunawa, a sake zaɓe, a sake barbara. Abin da manomi ke jira shekara guda ya gani, kwamfuta ta kan yi shi cikin ɗan lokaci, ta maimaita sau ɗaruruwa. Bambancinsu da manomi guda ne. Shi albarka ya ke kiwo, su kuwa fitina su ke kiwo da gangan, domin su ga inda na'ura za ta karye.

Waɗanda Suka Yi

A 2002 Robert Oaks da Mike Paglione, masu aiki da cibiyar nan ta FAA, suka bayyana yadda suka yi amfani da wannan dabara wajen matsar da lokutan jiragen gaske. Mudunsu bai tsaya ga yawan haɗuwa kaɗai ba. Sun nemi a sami kashi kaza na jiragen da suka matsi juna ƙwarai da kashi kaza na waɗanda suka ɗan gifta, a sami masu fuskantar juna, da masu gittawa, da mai bin bayan wani, a kuma sami inda duka biyu ke tafiya a miƙe da inda ɗaya ke hawa ko sauka. Dalili kuwa, na'ura ta kan iya ƙwarewa a iri ɗaya ta yi rauni a wani, in ba a kawo mata kowane iri ba, ba za a sani ba.

Wajen 2007 wasu masana a jami'ar New South Wales, reshen Kanbera a Ostireliya, cikinsu akwai Sameer Alam da Hussein Abbass, suka ƙara taku ɗaya. Su mudunsu kuskuren na'urar ne kansa. Ranar da ta sa manhaja ta yi kuskure ita ke samun maki, ita ke haihuwa. Kuskuren kuwa iri biyu ne, duk wanda ya taɓa ajiye kare ya san su. Akwai karen da ɓarawo ke wucewa bai yi haushi ba, akwai kuma mai yi wa kowa haushi har mai gida ya daina fitowa. Na biyun ma haɗari ne, gama ma'aikacin da na'ura ta saba tayar masa da hankali a banza, ranar gaskiya zai yi nawa. Da zuriya ta yi nisa, sai a tara ranakun da suka fi kayar da manhajar a duba abin da ya haɗa su, a ce wa masu rubuta ta, ga inda bangonku ya tsage.

Iyakar Dabara

Kada mu bar ku da zaton an sami maganin kome. Dabarar nan tana da iyaka uku.

Ta fari, abin da ka auna shi za ta ba ka. In ka ce wa ɗan dako za ka biya shi bisa yawan sawu, zai raba buhu ɗaya gida huɗu. Haka in aka ce wa kwamfuta a kawo haɗuwa da yawa kawai, za ta tara jirage duka a mararraba ɗaya a minti ɗaya, ranar da ba za ta taɓa faruwa ba. An sami maki, ba a koyi kome ba. Saboda haka rabin aikin yana wajen ƙera mudu.

Ta biyu, in ta nema ba ta sami aibi ba, wannan bai zama shaidar babu aibi ba. Ta dai duba inda ta duba.

Ta uku ita ce babba, ga kuma misalinta. Ran Litinin 28 ga Agusta, 2023, da safe, takardar tafiyar wani jirgi da zai tashi daga Los Anjeles zuwa Paris ta shiga kwamfutar NATS, masu ba jirage hanya a Ingila. A kan hanyar akwai wurare biyu masu alama ɗaya, DVL. Ɗaya Devils Lake ne a Amurka, ɗaya Deauville a Faransa, tsakaninsu kamar mil 4,000 na teku. Manhajar tana neman inda jirgin zai fita daga sararin Ingila, sai ta kama DVL na Amurka, lissafi ya nuna mata jirgi zai fita tun bai shigo ba. Ta rasa yadda za ta yi, ta tsai da kanta domin kada ta ba ma'aikata labarin ƙarya. Ta biyun da aka ajiye domin irin wannan rana ta karɓi takardar, da ya ke umarninsu ɗaya ne, ita ma ta tsaya. Duka cikin ƙasa da sakan 20. Aka koma shigar da takardu da hannu. Ba a rasa rai ba, amma binciken da aka yi ya ce abin ya shafi fasinja fiye da 700,000. Manhajar nan kuwa ta riga ta karanta takardu fiye da miliyan 15 tun 2018 ba ta taɓa yin haka ba.

Ku lura, da za a shekara ana matsar da lokutan jirage, ba za a taɓa cin karo da wannan ba, domin aibin yana cikin sunayen wurare. Dabarar zaɓen iri tana juya abin da aka ba ta izinin juyawa ne kaɗai. Wanda ya shuka gero zalla, kome iya zaɓensa, ba zai girbi dawa ba. Sai mutum ya fara tunanin cewa suna ma abin gwadawa ne, kana kwamfuta ta taya shi nema. Don haka masu hankali a wannan sana'a su kan haɗa hanyoyi, da kiwon ranaku, da ƙirar gwani, da bin umarnin layi layi, da karatun kowane haɗari da ya taɓa faruwa.

Abin Da Ya Shafe Mu

Tun Nuwamba 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, har yau kuma a taswirar matuƙa sararin Nijeriya da sunan Kano a ke kiransa. Hukumar NAMA ke ba da hanya a cikinsa, a Nijar da Cadi da Kamaru kuma ASECNA. Manyan jiragen da 'yan'uwanmu ke hawa suna ɗauke da TCAS ɗin nan da muka ambata, na'urorin ƙasa kuma daga waje a ke sayo su. Watau gwajin da aka yi a Atlantic City ko wanda aka manta ba a yi ba, yana iya iske mu a nan.

Ba sai mutum ya iya rubuta manhaja zai yi tambayar mai saye ba. Duk sa'ad da kuka ji an ce an kawo sabuwar na'ura, ta jirgi ce, ko ta banki, ko ta asibiti, an kuma ce an gwada ta, tambaya uku sun isa. Da wace irin rana aka gwada ta, mai sauƙi ko mai wuya? Wa ya ƙera mudun, mai sayarwa ko wani dabam? In ta tsaya, ta biyun da ke bayanta irinta ce sak, ko kuwa dabam ta ke? Wanda ya gwada da gaske ba zai ji haushin tambaya ba, zai ma kawo jerin aibin da ya samu ya gyara. Wanda ya ce bai sami ko ɗaya ba, shi ne za ku ƙara ƙwanƙwasa tukunyarsa.

Ga samarinmu masu karatun lissafi da kwamfuta kuma, ku sani neman aibi sana'a ce mai daraja, ko da ya ke ba a cika jin sunan masu yinta ba, gama in sun yi aikinsu daidai ba abin da ke faruwa balle a ba da labari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyakar abin da muka tanada ke nan.  Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da dattawa.